Sharhi: Wa ke iyakance kallon talabijin ta wayar salula a Maiduguri?

Babu wata doka a Najeriya da ta hana mutum kallon talabijin a wayarsa da datar da ya saya da kuɗinsa. Majalisar Tarayya ba ta zartar da irin wannan doka ba, haka kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ba ta ba da umarni makamancin haka ba. Amma duk wanda ya taɓa zama a Bulumkutu ko Gwange ko Bolori yana ƙoƙarin bin wasan ƙwallo ko wani shiri mai dogon zango ta waya, ya san cewa akwai shinge a gabansa. Hoto ya dushe, ko ya tsaya cak yana juyawa, ko data ta ƙare kafin a tafi hutun rabin lokaci, ko kuma manhajar ta sanar da shi cewa ba za ta sauke fim ba sai ya haɗa wayar da Wi-Fi.

Wannan shinge ba a cikin kundin doka yake ba. Yana cikin yadda aka ƙera manhajojin, da sharuɗɗan da kamfanoni ke rubutawa da ƙananan baƙaƙe, da kuma farashin data. Mafi yawansa ya samo asali ne daga wani zato da aka yi a ƙasashen da aka ƙirƙiro manhajojin: cewa datar waya ta kan hanya ce kawai, kuma idan mutum ya koma gida akwai intanet na waya da aka ja masa har ɗaki, wanda ba a ƙirga masa abin da ya sha. A Maiduguri lamarin a juye yake. Ga mafi yawan gidaje datar waya ita ce ta kan hanya, ita ce ta gida, kuma babu wata bayanta.

Ba wai birnin ya rasa sabuwar fasaha ba ne. Lokacin da MTN ya fara aikin 5G a 2022, bayan ya biya dala miliyan 273.6 kuɗin lasisi a gwanjon da aka yi a watan Disambar 2021, Maiduguri na cikin birane bakwai na farko da ya ambata, tare da Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan da Kano da Owerri. Sai dai saurin layi daban, ikon amfani da shi daban. Layi mai sauri yana ƙarar da data da sauri, domin manhajojin bidiyo kan ɗaga ingancin hoto da kansu da zarar sun ga hanya ta buɗe.

Tarihin taƙaita kallon talabijin ta datar waya ya girmi 5G nesa ba kusa ba. A 2009, lokacin da aka fitar da manhajar SlingPlayer a wayar iPhone a Amurka, wadda ke ba mutum damar kallon talabijin ɗin gidansa daga ko'ina, an taƙaita ta ga Wi-Fi kaɗai saboda kamfanin AT&T ya ƙi yarda ta bi ta layinsa. Sai a farkon 2010 ya sassauta. A Ingila ma manhajar iPlayer ta BBC ta ɗauki lokaci tana aiki da Wi-Fi kawai a irin waɗannan wayoyi kafin a buɗe ta ga layin 3G a ƙarshen 2011. Hujjar kamfanonin ba ta banza ba ce. Kowane turken sadarwa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk wayoyin da ke kewaye da shi suna rabon wannan iyaka ne, tamkar unguwa guda da ke ɗiba daga famfo ɗaya. Saƙon rubutu ɗigo ne, kiran murya moɗa ce, bidiyo kuwa jarka ce. Idan mutum ɗari suka jera jarkoki a lokaci guda, har mai neman moɗa ɗaya sai ya jira.

Alƙaluman da Netflix ke bayarwa da kansa sun fayyace girman jarkar. Kallon awa guda a matsakaicin inganci yana cin kimanin giga 0.7, a babban inganci yana iya kaiwa giga 3, a mafi girman inganci kuwa har giga 7. Ko ƙasashe masu ƙarfin intanet sun taɓa jin nauyin wannan. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta tsare mutane a gida, Tarayyar Turai ta roƙi Netflix ya rage nauyin bidiyonsa, ya kuma amince ya yi haka na kwana 30, yayin da YouTube ya mayar da matsakaicin inganci a matsayin matakin farko ga masu kallo a faɗin duniya.

Abin da ya iso Najeriya wani salo ne na daban, wanda ba ya cewa kada ka kalla, sai dai ya tsara maka yadda za ka kalla. Tsarin Netflix mafi arha na waya ne zalla: ba ya aiki a akwatin talabijin, kuma hotonsa ba ya wuce matsakaicin inganci. Kuɗinsa ya tashi daga Naira 1,200 a farkon 2024 zuwa Naira 2,200 a watan Yulin shekarar. Da Showmax ya sabunta manhajarsa a watan Fabrairun 2024, ya fito da tsarin kallon gasar Firimiyar Ingila wanda shi ma na waya ne kawai, don kada ya ci kasuwar dikodar DStv ta uwar kamfaninsa, MultiChoice. Tun a watan Maris na 2022 shi MultiChoice ɗin ya taƙaita kallon DStv ta intanet zuwa na'ura ɗaya a lokaci guda. Netflix kuma, daga 2023, ya fara fassara iyali da mutanen da ke amfani da intanet na gida ɗaya, domin hana raba lambar sirri.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da dalilinsa na kasuwanci, kuma babu wanda ya saɓa wa doka. Amma a haɗa su wuri guda a dube su daga zauren wani gida a Hausari ko Shehuri. Talabijin a al'adarmu abin taro ne: maigida da matan gida da yara da 'ya'yan maƙwabta, kowa da wurin zamansa a tabarma. Tsarin da talaka zai iya biya shi ne wanda aka yanka daidai idon mutum ɗaya, a allon da bai fi tafin hannu ba. Wanda zai ɗauki iyali kuwa yana buƙatar akwatin zamani, da wutar da za ta kunna shi, da intanet marar iyaka. Ma'anar iyali da kamfani ya rataya a kan na'urar Wi-Fi ba ta san gidan da ɗa ke karatu a Jami'ar Maiduguri, uba na fatauci tsakanin Gamborun Ngala da Kano, uwa kuma na zaune wajen dangi tun da rikici ya raba su da garinsu ba.

Babban shingen dai shi ne kuɗi, kuma a nan ya kamata a tsaya a yi lissafi. A ranar 20 ga Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan sun nemi kashi 100. Wannan ne karo na farko da aka yi irin wannan ƙari tun 2013. Da MTN ya fara aiwatarwa a watan Fabrairu, ƙunshin giga 20 ya tashi daga Naira 5,500 zuwa Naira 7,500, yayin da wani ƙunshin mako na giga 15, wanda masu kallon bidiyo suka fi dogara da shi, ya yi tsalle daga Naira 2,000 zuwa Naira 6,000. Koke ya yi yawa har kamfanin ya fito ya nemi afuwar abokan hulɗarsa.

A ɗauki giga 20 ɗin. A matsakaicin inganci zai ba da kallon kimanin awa 28 da rabi, wato ƙasa da awa guda a kullum tsawon wata, idan ba a yi komai da wayar ba sai kallo. A babban inganci ba zai kai awa bakwai ba, abin da bai wuce wasannin ƙwallo uku da ɗan ɗoriya ba. Naira 7,500 kuwa ta haura kashi 10 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024, kuma wannan kuɗin data ne kaɗai, ban da kuɗin manhajar.

Akwai wani abu a cikin lissafin da ba a cika faɗa ba. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kada giga guda ya wuce Naira 390. Mai sayen giga 20 a Naira 7,500 yana biyan Naira 375 kan kowane giga, ke nan shi burin ya cika a kansa. Amma a farashin farkon 2025, wanda ƙarfinsa bai wuce ƙunshin giga 1.8 na Naira 1,500 ba yana biyan sama da Naira 830 kan kowane giga, fiye da ninki biyu. Haka kasuwa take a ko'ina, mai sayen buhu ya fi mai sayen mudu samun sauƙi. Bambancin shi ne, ana auna nasarar manufar gwamnati da farashin buhu, alhali yawancin jama'a da mudu suke awo.

Daga nan sai tsare-tsaren da kamfanonin ke kira rangwame. Akwai datar dare, mai aiki daga wajen ƙarfe 11 ko 12 zuwa asuba, lokacin da turaku ba su da cunkoso. Akwai kuma datar da aka keɓe wa wasu manhajoji, kamar WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok da YouTube, wadda ta fi data ta gama-gari arha amma ba ta buɗe komai sai abin da aka ambata. Ba wanda zai ƙi arha. Ɗalibai da yawa da datar dare suke sauke darussa, kuma da ba don ita ba da ba su samu ba. Sai dai a lura da abin da tsarin ke koya wa mai kallo: cewa kallo mai sauƙi na tsakar dare ne, kuma a dandamalin da kamfanin waya ya zaɓa masa.

Illar wannan ta fi fitowa a masana'antar fina-finan Hausa. An yi ƙoƙarin kafa dandamali na gida, kamar Northflix da ya fara aiki a 2019, da manhajar kallo ta tashar Arewa24. Wanda zai kalli fim a irin waɗannan wurare sai ya biya kuɗin rajista, sannan ya ƙona data ta gama-gari mai tsada. Wanda zai kalla a YouTube ba ya biyan rajista, ga kuma data mai rahusa da aka keɓe masa. Ba abin mamaki ba ne da shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina suka tara jama'arsu a YouTube, inda kuɗin shigar mai shiri ya rataya a kan talla, kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ya kawo abin da na Turai ko Amurka ke kawowa. Ba ingancin manhaja kaɗai ke yanke hukunci a wannan gasa ba, har da jadawalin farashin da wani ya rubuta a Legas.

Wasu ƙasashe sun ga wannan haɗari tun da wuri. A watan Fabrairun 2016 hukumar sadarwa ta Indiya ta haramta bambanta farashin data bisa abin da mutum zai buɗe da ita, matakin da ya kawo ƙarshen shirin Free Basics na Facebook a ƙasar. Bayan wata uku aka ƙaddamar da wannan shiri a Najeriya tare da Airtel. A Amurka kuwa an sha kai-komo: an kafa ƙa'idar daidaito a intanet a 2015, aka soke ta a 2017, aka maido da ita a 2024, sannan wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a watan Janairun 2025. A tsakanin nan manyan kamfanonin waya na ƙasar suka mayar da rage ingancin bidiyo wani ɓangare na tsare-tsarensu masu arha, tun daga shirin Binge On na T-Mobile a 2015.

Najeriya ba ta rasa tata ƙa'idar ba. Kundin ladubban intanet da NCC ta fitar a 2019 ya hana masu samar da intanet toshe halastaccen abu ko shaƙe gudunsa ko fifita wani a kan wani, ya ba su damar sarrafa cunkoso gwargwadon hankali, ya kuma wajabta musu bayyana wa masu saye yadda suke yin hakan. Ya bar ƙofa a buɗe ga data kyauta ko mai rahusa ga wasu manhajoji bisa sharuɗɗa. A takarda wannan matsayi ne mai kyau, ya ma fi na Amurka a yau. Matsalar ita ce, mai kallo a Muna ko kan titin Baga ba shi da hanyar tantance dalilin dushewar hotonsa. Cunkoso ne a turke? An yanke wayar faiba ne a wani wuri tsakanin Damaturu da Maiduguri? Manhajar ce ta rage inganci don ta ga yana kan datar waya? Ko sharaɗin ƙunshin da ya saya ne? Duk huɗun kama ɗaya suke yi a allo. Da koke kan saurin ƙarewar data ya yi yawa, NCC a ƙarƙashin Dakta Aminu Maida ta sa aka binciki tsarin cajin kamfanonin a 2024, ta kuma danganta yawancin matsalar ga wayoyi masu babban allo da bidiyon da ke kunna kansa. Bayanin na da ƙamshin gaskiya, amma ya mayar da nauyin kan mai saye, wanda sai ya shiga lungunan saitin manhaja, cikin Turanci, kafin ya gano inda ake rage cin data.

Adalci ne a faɗi halin da kamfanonin ke ciki. MTN Najeriya ya sanar da asarar sama da Naira biliyan 400 a 2024, galibi saboda faɗuwar darajar Naira, domin da dala ake sayo kayan aiki. Dizal ke riƙe da yawancin turaku. A Borno kuwa akwai ƙarin nauyi da Legas ba ta sani ba. Tun a watan Satumbar 2012 Boko Haram ta fara ƙona turakun sadarwa a jihohin Arewa, tana zargin kamfanonin da taimaka wa jami'an tsaro. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun babban layin lantarki da ya taso daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, suka sake fasa shi bayan 'yan kwanaki, Maiduguri ta shafe kusan shekara guda cikin duhu. Sai a watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da tashar lantarki mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, da kamfanin NNPC ya gina wa birnin. Duk kamfanin da ya ci gaba da kunna turke a irin wannan yanayi ya kashe kuɗin da ba a gani a jadawalin farashi.

Wannan duhun ne kuma ya ƙara tura jama'a ga waya. Akwatin talabijin da dikoda suna buƙatar wuta ko janareta, waya kuwa Naira kaɗan ce a wajen mai caji ko ƙaramin faifan sola. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Kuɗin DStv ya yi ta hawa har babban tsarinsa ya kai Naira 44,500 a wata daga Maris na 2025, kuma MultiChoice ya bayyana cewa ya rasa masu biya kimanin miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu. Shirin sauya talabijin zuwa tsarin dijital, wanda aka yi alkawarin zai kawo tashoshi da dama kusan kyauta, ya wuce wa'adin duniya na 17 ga Yunin 2015, aka fara shi a Jos a 2016, ya taɓa Abuja da Ilorin da Kaduna da Enugu da Osogbo da Legas da Kano, bai ƙaraso Borno ba. Da ya ƙaraso, da labarai da shirye-shiryen gida ba su dogara da giga ba.

Sai batun gidan kallo, wanda a sauran garuruwa shi ne mafakar mai son ƙwallo da ba shi da dikoda. A Arewa maso Gabas wannan mafaka tana da tarihi mai ɗaci. A ranar 17 ga Yunin 2014 bam ya tashi a wajen masu kallon gasar cin kofin duniya a Damaturu. A ranar 16 ga Yunin 2019 'yan ƙunar baƙin wake suka kashe mutum 30 a wani gidan kallo a Mandarari, cikin ƙaramar hukumar Konduga, tafiyar da ba ta da nisa daga Maiduguri. Gidajen kallo sun farfaɗo a birnin, matasa na cika su a ƙarshen mako, amma akwai iyayen da har gobe sun fi son ɗansu ya kalla a gida. Ga mata kuwa, waɗanda tun asali gidan kallo ba wurinsu ba ne, waya ce kaɗai talabijin ɗin da suke da iko da ita.

Akwai kuma hannun hukuma, wanda mazauna Maiduguri suka san nauyinsa fiye da kowa. Bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a ranar 14 ga Mayun 2013, an katse layukan waya na tsawon makonni, har mutane na yin doguwar tafiya zuwa jihohin maƙwabta don kiran 'yan uwa, sojoji kuma suka haramta wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya a Borno. An maimaita salon a Zamfara a watan Satumbar 2021, ya bazu zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A 2013 abin da aka rasa kira ne da saƙo. A yau, inda talabijin da rediyo da banki da makaranta suka koma cikin waya, katse layi na nufin kashe dukkansu da makunni ɗaya.

A sanarwar da ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, gwamnatin tarayya ta umarci Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai, NBC, ta fara ba da lasisi ga masu yaɗa shirye-shirye ta intanet. Dakatarwar ta ƙare a watan Janairun 2022, kotun ECOWAS kuma ta yanke a watan Yulin shekarar cewa ta saɓa wa doka, amma muradin sanya kallon intanet ƙarƙashin lasisi bai mutu ba. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin rashin kai su tacewa kafin a sake su, matakin da ya shafi abin da mai kallo a Borno zai gani duk da cewa ba a jiharsa aka ɗauke shi ba. Abin lura shi ne inda hankalin hukumomi ya karkata: kowa na son iko a kan abin da ake nunawa. NBC na duban shirin, NCC na duban layin, hukumar kare masu saye ta FCCPC na duban farashin dikoda. Sharaɗin da ya ce ba za ka haska abin da ka biya a akwatin gidanka ba, ko rangwamen da ya fifita dandamalin waje a kan na gida, ya faɗa a ramin da ke tsakaninsu.

Jama'a dai ba su zauna jira ba. A kasuwanni da bakin tituna akwai masu tura fim, waɗanda ke sauke shirye-shirye sau ɗaya, galibi da datar dare, su riƙa zuba wa mutane a waya ko memori a kan kuɗi kaɗan, daga nan kuma fim ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Xender ba tare da an taɓa data ba. Dabara ce da ta dace da yanayin, har kamfanin iROKOtv ya taɓa kwaikwayonta a Legas, inda ya koma ga manhajar saukewa a 2015, daga baya ya kafa rumfunan da masu rajista ke zuwa ɗaukar fim. Bambancin shi ne, a wajen mai tura fim na kan titi sau da yawa ko sisi ba ya komawa ga wanda ya kashe kuɗi ya shirya fim ɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023 ta ƙarfafa ikon rufe shafukan satar fasaha, amma kame da rufewa ba za su canza lissafin giga 0.7 a awa ba.

Maganin na dogon zango sananne ne, wato wayar faiba ta isa unguwanni domin a sauke wa turaku nauyi. Ministan Sadarwa, Dakta Bosun Tijani, na tallata shirin shimfiɗa kilomita 90,000 a faɗin ƙasa, Shugaba Bola Tinubu kuma ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa a 2024. Shirin 2020 zuwa 2025 ya yi burin intanet mai sauri ya kai kashi 70 cikin 100 na jama'a, amma a tsakiyar 2025 alƙaluman NCC ba su kai kashi 50 ba. Yadda za a raba waɗannan kilomitoci tsakanin jihohi shi ne abin da ya kamata 'yan majalisar Borno su sa wa ido tun yanzu, domin kamfani mai neman riba ba zai fara haƙa daga hanyar Dikwa ba.

Kafin faiba ta iso akwai abin da ba ya buƙatar haƙa rami. Ana iya wajabta wa kowane kamfani ya faɗa, a cikin saƙon da yake turowa lokacin sayen data, awa nawa na bidiyo ƙunshin zai ɗauka da kuma ko akwai iyaka a kan inganci ko lokaci, kuma a faɗa da Hausa da Kanuri, ba da Turanci kaɗai ba. Ana iya cewa duk rangwamen da aka yi wa YouTube a buɗe shi ga duk wani dandamalin bidiyo mai rajista a Najeriya bisa sharuɗɗa iri ɗaya. Ana kuma iya rubuta ƙa'ida ta musamman don lokacin bala'i. A watan Agustan 2018, ana tsakiyar kashe gobarar daji a jihar Kalifoniya, kamfanin Verizon ya rage gudun datar wata rundunar kashe gobara saboda ta wuce iyakar ƙunshinta, abin da daga baya ya amsa cewa kuskure ne. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumbar 2024, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta bidiyon waya mutane suka riƙa nuna inda suka maƙale, ta waya kuma 'yan uwansu na Kano da Abuja da Jidda suka riƙa bin halin da ake ciki. Layin koke na NCC, 622, kyauta ne, amma an tanade shi ne don wanda ya riga ya kai ƙara wajen kamfaninsa bai samu biyan buƙata ba, kuma wanda ruwa ya kai masa ƙirji ba shi da lokacin bin wannan mataki.